Askar Baba Kolo da Ƙwayar Rawar Hannu

Ranar nan da kuka zo gaishe ni, ku masu koyon aikin likita, na ji ɗayanku yana cewa cikin aikin nan kaf babu mai sauƙi kamar zama a tagar ba da magani. Wai ka karanta takarda, ka zuba ƙwaya, ka naɗe, ka ce na gaba ya matso. Ban tanka ba, don kuna tsakiyar shan furata ne. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna in rubuta muku labarin wata 'yar ƙwaya fara da ba ta kai wake girma ba. Da hannuna na ba wani wanzami ita, kuma saura ƙiris ta sa aska ta shiga kan 'yata tana da kwana bakwai a duniya.

Ni mutumin Tasawa ne. A farkon shekarun saba'in aka turo ni Gure ina sabon anfirme, wato ma'aikacin jinya, ko da yake a gari duk wanda ya sa farar riga likita ake ce masa. Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai tukunyar ƙarfe mai murfi da muke dafa sirinjin kwalba a ciki bisa risho, da allurai waɗanda in sun dakushe mu wasa su a dutse mu sake dafawa. Akwai ma'aunin zafi biyu, ɗaya ma sai an karkata shi wajen haske ake ganin layinsa, da wata jar roba siririya da ake zura wa mutum in fitsari ya ƙi fita, sonde muke ce mata. Magani kuwa yana cikin kabad na ƙarfe, mabuɗinsa rataye a wuyan shugabanmu, Majo Ari. Majo ɗan ƙasar ne, Bamange, wato ɗan ƙabilar Manga, tsohon likitan soja, mutum mai ƙarancin dariya. A hannunsa na koyi aiki, ba a lakol ba, wato makaranta.

A can saman kabad ɗin akwai wata kwalba mai ruwan ƙasa. Sunan abin da ke ciki a takarda tiriheksifenidil, ni kaina sai da na yi sati ina tuntuɓe a kansa. Mu dai ƙwayar rawar hannu muke ce mata. Mutum iri biyu ake ba. Na farko manyan da hannu ya fara yi musu rawa, jiki ya sandare, tafiya ta zama jan ƙafa, yawu yana zuba. Na biyu waɗanda ke shan maganin taɓin hankali, maganin ya murɗe musu wuya ko ya ɗaure musu gaɓoɓi. Ba ta warkar da ciwon, tana dai kwantar da shi muddin ana sha.

Aikinta na farko da na gani a kan wata mata ce da aka kawo daga Gamu. An karɓo mata maganin hankali daga Damagaram, kwana uku da fara sha wuyanta ya juya gefe, harshe ya fito, idanu suka kafe sama. Danginta sun riga sun yanke cewa iska ce ta hau ta. Majo ya daka ƙwaya ɗaya a cokali, ya jiƙa da ruwa, ya ɗiga mata kaɗan kaɗan ta gefen baki. Muka zaunar da ita a inuwa. Kafin a kira azahar wuyan ya saki, ta nemi ruwa da bakinta. Ni dai na cika da murna, na ce wa Majo wannan ƙwaya ai ta gama komai. Ya harare ni ya ce, “Kai yaro ne. In ta kama wuri ɗaya, wani wurin take saki. Aikinka ka nemo wurin kafin ya nemo ka.”

Abin da take yi shi ne busar da mutum. Tana ɗauke yawu, baki ya zama kamar an ci ɗanyen gari. Tana ɗauke zufa. Tana ɗaure ciki, tana riƙe fitsari, tana buɗe ƙwayar ido har abin da ke kusa ya zama dishi-dishi. In ta yi wa tsoho yawa kuma sai ta rikita shi, ya riƙa ganin abin da babu. Na ga wani makiyayi na wajen Alakos da ya faɗi a bakin rijiya da bazara, jikinsa zafi rau, ba ɗigon zufa ko ɗaya, sai da muka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane muna fifita kafin ya farfaɗo. Duk wannan yana cikin littafinku, na sani. Abin da babu a littafin shi ne, ba mara lafiyar da zai gaya muku abin da take yi masa.

Wani dattijo daga Kelle shi ya koya mini haka. Surukinsa ya kawo shi bisa jaki karɓar ƙwayar wata. Na tambaye shi jiki, ya ce lafiya lau. Na ce ba wata damuwa, ya ce sai alheri. Na riga na fara naɗe masa magani Majo ya shigo, ya dubi yadda ya zauna a karkace, ya ce wa surukin ya je ya ba jakin ruwa. Da ya fita Majo ya ɗora hannu a marar tsohon, sai ga ta a kumbure kamar salka. Kwana biyu bai yi fitsari ba, amma yaya zai faɗi haka gaban mijin 'yarsa? Muka dafa sonde, muka shafa mata mai, Majo ya zura a hankali tsohon yana salati, kwanon sha ya cika aka kawo na biyu. Daga ranar Majo ya kafa mini doka. Duk mai karɓar ƙwayar nan, kada in tambaye shi lafiya. In kore 'yan rakiya, in ce ya fito da harshe in gani, in danna mara, in miƙa masa allura da zare ya zura a gabana. Akwai allurar ɗinki da muke sokewa a jikin labulen taga don wannan kawai.

Baba Kolo ya fara zuwa ne a shekarata ta biyu. Shi ne wanzamin unguwarmu, gadon gidansu ne tun kakanni. Askin suna, cire beli, ƙaho, kaciya, duk shi ake kira, kuma mata ba sa miƙa jariri ga kowa sai shi. Lokacin bai kai sittin ba. Bai shiga layi ba, sai da aka watse bayan azahar ya shigo da zabirarsa, jakar fatar da wanzamai ke zuba kayan aiki, wai ya zo yi wa Majo aski. Hannunsa na dama yana cikin aljihun riga. Ya yi ta kewaye-kewaye, ko akwai maganin sanyi, ko akwai na gajiya. Majo ya ce, “Kolo, fito da hannun.” Ya fito da shi. Babban yatsa yana ta murza manuni kamar mai jan tasbaha, ba ya tsayawa. Fuskarsa ma ta fara ƙamewa, yana yawan goge gefen baki da jelar rawani.

Ya ce, “Majo, in garin nan ya ji hannuna yana rawa, na gama. Ban iya noma ba, ban iya kasuwa ba.”

Babban likita da ke zuwa rangadi daga Damagaram ya duba shi, ya rubuta masa ƙwayar. Muka fara da rabi, muka riƙa ƙarawa a hankali har ta kai ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da yamma. Muka ja masa kunne cewa ba a dainawa farat ɗaya, ba a haɗa biyu. Cikin wata guda hannun ya kwanta, ba duka ba, amma in ya kama aska ba ka gane komai. Duk wata ya zo bayan azahar, in duba harshe, in danna mara, ya zura zare yana mita wai shi ba tela ba ne. Yana zurawa kuwa, ko da sai ya ɗan nisantar da allurar. Ya zama wanzamina, kuma ba wanda ya san sirrinsa a Gure sai ni da Majo.

Sai shekarar fari ta zo. Ku ba ku gan ta ba, Allah kada ya nuna muku. Dabbobi suka ƙare, mutanen daji suka gangaro suka kafa bukkoki a bakin gari, ƙyanda da zawo suka shiga yara. Aka ɗauke Majo aka kai shi can zangon masu bukkokin, aka bar mini mabuɗin kabad da layin da ba ya ƙarewa daga safe har la'asar. Kamyo, babbar motar kaya, in ya zo daga Damagaram hatsi yake fara ɗaukowa, kwalayen maganinmu sai an ga dama. Kwalbar nan mai ruwan ƙasa ta yi ƙasa sosai. Ko zaman aski ban ƙara samu ba, sumata ta taru ƙarƙashin hula.

Da Baba Kolo ya zo karɓar rabonsa a bazarar, ko bayan azahar layi bai watse ba. Ta taga na miƙa masa ƙunshin, mata da yara suna matsa shi ta baya. Ban ga harshe ba, ban taɓa mara ba, allura tana nan soke a labule ban ko dube ta ba. Na ce masa kawai, “Baba, ƙwayar nan ta yi ƙaranci, ban san ranar da wata za ta zo ba.” Gaskiya na faɗa, amma ban tsaya na yi tunanin abin da mutumin da ya ga hatsi yana ƙarewa zai yi da irin wannan magana ba. Wata na biyu ma haka na yi. Laifin nan nawa ne, ban taɓa ɗora shi a kan fari ba.

Ranar wata Alhamis matata Hadiza ta haifi 'yarmu ta fari. Ranar Asabar aka yi suna a gidan maƙwabcinmu, na ce bari in leƙa kafin in tafi aiki. Bayan an raɗa suna aka fito da jaririn zuwa zaure, Baba Kolo ya buɗe zabira. Hannunsa tsaye cik, har ya fi yadda na san shi. Amma da na matsa kusa sai na ga ba lafiya ba. Hantsi ya ɗaga, kowa a zauren yana sharce zufa, shi fuskarsa ta yi ja, a bushe ƙayau. Yana ta kurɓar ruwa daga buta, leɓensa na mannewa in zai yi magana. Ya ja kansa baya yana ƙanƙance ido, yana lalubar kan jaririn da yatsa kafin ya sa aska. Sau biyu ya tsaya yana kaɗe wani abu daga kan yaron, alhali ba komai a wurin. Da ya gama akwai 'yan yanka biyu bayan kunne, tsohuwar da ta riƙe jaririn ta ce ai yaron ne mai motsi. Kowa ya yarda, aka shiga rabon goro. Ni kuwa ina tuna cewa ranar Alhamis kan 'yata ne zai shiga hannun nan.

Washegari da sassafe na je gidansa. Na same shi a zaure jingine da bango, kamar ba mutumin jiya ba. Hannun yana kaɗawa tun daga gwiwar hannu, yawu ya jiƙa gaban rigarsa, da kyar ya iya gyara zama.

Na ce, “Baba, yau ka sha ƙwayarka?”

Ya ce, “Yau ai ba aiki, ɗana.”

“To jiya nawa ka sha?”

Ya zura hannun hagu cikin zabira ya fito da wata 'yar batta irin ta taba, ya buɗe. Ƙwayoyin suna ciki a jere bisa auduga. Ya ce tun da na gaya masa magani zai yanke ya ga ba dalilin ɓata shi a ranar zaman banza. In ba aiki sai ya haƙura da rawar, ya kulle kansa a gida a ce yana fama da mura. In akwai suna ko kaciya sai ya haɗiye huɗu tun asuba. Ya ware wasu gefe da yatsa, yana murmushi da rabin baki, ya ce, “Shidan nan na ranar 'yarka ne. Ban taɓa su ba. Za ka ga hannu irin na saurayi.”

Na ce, “Baba, shida za su iya kashe ka da zafin nan. Kuma jiya me kake kaɗewa daga kan yaron?”

“Tururuwa.”

“Babu tururuwa, Baba. Ina tsaye kusa da kai.”

Ya dube ni, ya kau da kai. Na tambaye shi fitsari, ya ce ranar aiki sai la'asar yake samu, shi ma ɗigo ɗigo. Na tambaye shi ido. Nan ya harzuƙa. Ya ce, “Ido ba shi ke aski ba. Shekara arba'in yatsuna suna bin kan mutane, sun san hanya.” Na ce masa kan babba daban, kan ɗan kwana bakwai daban, akwai maɗiga a tsakiya, fata ce kawai ke numfashi a wurin. Ni na riga na ce ba za a cire wa 'yata beli ba, amma sauran gidaje fa, inda zai zura ƙarfe cikin maƙogwaron jariri yana lalube?

Ya kama gefen rigata da hannun nan mai rawa. Ya ce, “Likita, na san abin da ke ranka. Za ka kira wani wanzami. To ka sani, duk unguwar nan an ga ina shiga wurinka. Ran da aka ga likita da kansa ya hana Kolo kan 'yarsa, ba mai sake kirana ko askin gemu. Gara ka sa mini guba a ƙwayar.”

Gaskiyarsa ce. In na kira wani na tona asirin mara lafiyata ba tare da na buɗe baki ba. In na bar shi na miƙa 'yata ga idon da ni na dusashe. Majo yana can zango, ba wanda zan yi shawara da shi. Abin da na iya kawai, na karɓe battar na sa a aljihu. Na ce daga yau ni zan riƙa kawo masa, ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da yamma, ya haɗiye a gabana, ya sha ruwa da yawa, kada ya fita rana. Ranar Laraba mu gwada mu gani.

Kwana ukun nan ban san yadda na yi aiki ba. In bar layi in ruga gidansa da ƙwaya a tafin hannu, in dawo. A gida gwaggon Hadiza, wadda ta zo wankan jego, kullum sai ta tare ni, “Malam, an kai wa wanzami goronsa kuwa?” In ce za a kai. In ɗauki jaririyar in ga maɗigarta tana ɗagawa tana sauka ƙarƙashin gashi, in mayar da ita da sauri. Tsoro nake ji ƙwarai, kuma ba wanda zan gaya wa dalili. Baba Kolo ya fara dawowa daidai, yawu ya tsaya, fitsari ya saki, tururuwa suka ɓace. Amma ciwon ya ci gaba a watannin da ban duba shi ba, ƙwaya uku ba ta kwantar da hannun kamar da. Ranar Talata na cire allurar daga labule na kai masa. Ya yi ta soka zare a iska, ya nisantar, ya kusantar, bai shiga ba. Ya jefar da ita ya ce, “Na sha gaya maka ni ba tela ba ne. In gwaji kake so, gwada ni da aska.”

Na cire hulata na nuna masa sumar wata biyu. Na ce gobe.

Ranar Laraba da hantsi na zauna bisa tabarma a bakin zaurensa ta ciki, inda haske ke shigowa sosai. Ya jiƙa mini kai da ruwa da sabulu, ya zaɓi askar da ya fi so, ya wasa ta a dutse, ya goga ta a fata. Ya fara daga goshi. Wallahi da farko har na fara sakin jiki, askar tana tafiya sumul, ina jin gashi yana zuba a kafaɗata. Sai dai can ƙasa-ƙasa ina jin wata 'yar girgiza a bakin ƙarfen, tana zuwa tana wucewa. Shi kuwa ya sake, yana ta hira, yana ba ni labarin yadda ubansa ya fara koya masa aski a jikin ƙwarya. Da ya zagayo bayan kunnen dama sai na ji zafi ya tsarga, wani abu mai ɗumi ya gangaro wuyana ya shiga riga. Na dafe gwiwa na yi shiru. Jira nake ya tsaya, ya ce af, ya nemi auduga, kamar yadda kowane wanzami ke yi. Bai tsaya ba.

Ya ce, “Ka ji yadda take tafiya? Wa ya ce Kolo ya tsufa?”

Ya koma ƙeya, ya sake yanka na biyu, wannan ya fi zurfi. Kansa yana daf da nawa, ina jin numfashinsa, kuma farar rigar aiki ce a jikina. Ya ci gaba har sai da ya sa tafin hagu zai juya mini kai. Nan hannun ya tsaya. Ya murza yatsunsa, ya ɗaga su kusa da ido, ya nisantar, sannan ya kai hanci.

Ya ce, “Likita, wannan ruwa ne?”

Na ce, “Jini ne, Baba.”

“Tun yaushe?”

“Tun bayan kunne.”

Ya laluba ya samo wurin, ya danne da tsumma har jinin ya tsaya, ya wanke askar, ya goge, ya naɗe ta. Rabin kaina a aske, rabi da suma. Ya ce in sa hulata in je wurin Mele ya ƙarasa mini. Mele ɗan ƙanensa ne, magidanci mai 'ya'ya uku, a hannunsa ya koyi sana'a, amma Baba bai taɓa bari ya taɓa jariri ba, kullum cewa yake hannunsa bai nuna ba. Na miƙe zan fita ya ce, “Gobe ina nan zuwa. Kada ka aika wa kowa.” Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga mini hannu. Na fita ban san me ya ƙudura ba, kuma ban iya komawa na tambaye shi ba.

Ranar Alhamis na kai masa ƙwayar safe, aka ce ya riga ya fita masallaci, na bar ta wurin matarsa. Zaurena ya cika, liman ya raɗa wa yarinya suna Zara, aka yi addu'a. Sai ga Baba Kolo cikin babbar rigarsa ta salla, Mele yana biye da shi riƙe da zabira. Ya zauna a tsakiya. Gwaggo ta fito da jaririyar naɗe cikin zane. Ya buɗe zabira, ya zaro askar jiya, ya wasa ta a hankali, ya gwada kaifinta a farce. Bakina ya bushe kamar ni na sha ƙwayar. Na riga na yanke cewa in ya kai ƙarfen nan kusa da kanta zan riƙe hannunsa gaban kowa, abin da zai faru ya faru. Har na ɗaga gwiwa ɗaya daga tabarma.

Sai ya juya askar, ya riƙe ta ta baki, ya miƙa wa Mele ƙotar. Ya ɗaga murya ya ce, “Jama'a ku shaida. Ubana a gidan suna ya ba ni askar nan, yau ni ma a gidan suna na ba da ita. Daga yau mai aiki ya kira Mele. Na zaɓi gidan Likita ne don in yaron nan ya yi ɓarna, magani yana kusa.” Zaure ya ɗauki dariya, liman ya sa albarka, aka shafa. Mele ya karɓa hannu biyu, ya durƙusa, zufa tana keto masa.

Baba Kolo ya ce a ba shi yarinyar. Ya kwantar da ita bisa cinyarsa, ya tallafi kanta da tafukansa biyu, ya sa babban yatsan hagu ya rufe maɗigar, Mele yana aski yana zagaye yatsan. In Mele ya yi sauri sai ya ce masa, “A hankali, ba kan rago ba ne.” Da aka zo tsakiya ya ɗage yatsan kaɗan kaɗan har aka wuce. Zara ta yi 'yar ƙara ɗaya ta koma barci. Mele ya goge kan da jiƙaƙƙen tsumma, mutane suka shiga yi masa barka, hankali ya koma wajen goro.

Na matsa zan karɓi 'yata. Baba Kolo bai sake ta nan da nan ba. Ya sunkuya a kanta, ya ja baya, ya ƙanƙance ido, ya sake sunkuyawa. Sannan ya jawo hannun rigata, ya kawo bakinsa kusa da kunnena yadda ba mai ji, ya ce, “Likita, duba mini. Ya fita da kyau?”

Na duba kan, ko ƙwarzane babu. Na ce, “Ya fita tas, Baba.”

Ya gyaɗa kai, ya miƙo mini ita.